Yadda Ake Neman Kuɗi Daga Kamfanonin Jarin Kasada: Jagora Ga Masu Sabbin Kamfanoni A Maraɗi

Kamfanin jarin kasada shi ne wanda ke tara kuɗi daga manyan attajirai da bankunan raya ƙasa da asusun fansho, sannan ya zuba su a ƙananan kamfanonin da ba su daɗe da kafuwa ba, ya karɓi wani kaso na mallakarsu a madadin kuɗin. Ba ya neman jingina, ba ya ɗora ruwa duk wata, kuma idan kamfanin ya durƙushe bisa gaskiya babu mai zuwa ya ƙwace gidan wanda ya kafa shi. Abin da yake jira shi ne ranar da wani babban kamfani zai saye ƙaramin, ko a kai shi kasuwar hannun jari, domin ya sayar da kasonsa da riba mai yawa. Tsarin bai yi nisa da abin da aka sani a Babbar Kasuwar Maraɗi ba, inda uban gida kan ba yaronsa jari ya juya a raba riba, sai dai a nan mai jarin yana zama abokin mallaka a rubuce, yana da ta cewa a manyan shawarwari, kuma tun ranar da ya shigo yake lissafin ranar fitarsa. Wanda bai fahimci wannan batu na fita ba, sauran matakan duk za su zo masa a karkace.

Mataki na farko: ka auna ko sana'arka irin wadda suke nema ce

Asusun jarin kasada yawanci shekara 10 ake ba shi. A shekarun farko masu tafiyar da shi suna zuba kuɗi a kamfanoni da dama, a sauran shekarun kuma suna neman hanyar sayar da kasonsu su mayar wa masu kuɗin haƙƙinsu. A bisa al'adar sana'ar suna ɗaukar kusan kashi 2 cikin 100 na asusun duk shekara don gudanar da aiki, da kashi 20 cikin 100 na ribar da aka samu a ƙarshe. Sun riga sun san cewa yawancin kamfanonin da suka zaɓa za su mutu ko su tsaya cik, don haka duk fatansu yana kan ɗaya ko biyu da za su bunƙasa har su rufe asarar sauran. Misalin da kowa zai gane shi ne WhatsApp da ke cikin wayar kusan kowane ɗan kasuwa a garin nan: kamfanin Sequoia na Amurka ne ya zuba masa jari yana ƙarami, kuma a 2014 Facebook ya saye shi kan dalar Amurka biliyan 19. Irin wannan ciniki guda ɗaya ya isa ya biya asusu sukutum.

Saboda haka tambayar da za ka fara yi wa kanka ita ce ko sana'arka za ta iya ninka girmanta sau goma ko fiye a cikin ƴan shekaru ba tare da kuɗin tafiyar da ita sun ninka haka ba. Shagon atamfa, da injin matsar man gyaɗa, da motocin dakon kaya tsakanin Maraɗi da Yamai duk sana'o'i ne masu albarka waɗanda suka gina gidaje da yawa, amma girmansu a hankali yake tafiya, kowace sabuwar mota sai da sabon jari. Mai irin wannan sana'a ya fi dacewa da bashin banki, ko haɗin gwiwa da wani alhaji, ko kamfanin zuba jari mai haƙuri da ƙananan masana'antu. Wanda kuwa ya ƙirƙiro manhajar da ke haɗa manoman wake na Tasawa da Mayahi da Gidan Rumji da manyan masu saye, ko tsarin sayar da fitilu da famfunan hasken rana a biya kaɗan kaɗan ta waya, shi ne ke da abin da za a iya shimfiɗa shi a Damagaram da Tawa da Katsina da Kano da kuɗi kaɗan. A ganina gara mutum ya gano tun a nan cewa wannan ƙofa ba tasa ba ce, da ya ɓata shekara yana ƙwanƙwasa ta alhali kasuwancinsa na buƙatar hankalinsa.

Mataki na biyu: ka tara shaidar cewa mutane na biyan kuɗi

Ba kasafai ake zuba jari a kan tunani tsagwaronsa ba, balle daga garin da mai jarin bai taɓa takawa ba. Abin da ke magana a madadinka shi ne lissafi: mutum nawa suka yi amfani da abin da kake sayarwa a watan jiya, nawa daga cikinsu suka dawo a wannan watan, nawa kake kashewa kafin ka samu abokin ciniki guda, kuma nawa yake kawo maka bayan an cire kuɗin kaya da sufuri. Ka rubuta waɗannan alƙaluma wata bayan wata, ko da a takardar lissafi ta kwamfuta ce mai sauƙi, ka kuma adana rasit da bayanan banki da za su tabbatar da su. A nan ne ƴan kasuwarmu da yawa ke faɗuwa, domin an saba ciniki na amana da baki, kuɗi a aljihu, bashi a ka. Amana dukiya ce babba, amma wanda ke zaune a Dakar ko Abuja ba zai iya nuna wa masu kuɗinsa amana a takarda ba. Cinikin wata shida da ke hawa a hankali kuma kowane tamma yana da shaida ya fi cinikin shekara uku da babu abin da ke tabbatar da shi.

Mataki na uku: ka gyara takardun kamfani da batun mallaka

Mai jari ba zai iya sayen kaso a sana'ar da aka yi wa rajista da sunan mutum ɗaya a matsayin ɗan kasuwa ba, dole sai kamfani ne mai zaman kansa a idon doka. Nijar tana bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya da ake kira OHADA tare da wasu ƙasashen Afirka 16, kuma tun bayan gyaran da aka yi wa dokar kamfanoni a 2014 aka samu nau'in da ake kira SAS, wato kamfanin hannun jari mai sassauƙan tsari. Shi ne ya fi dacewa da wannan aiki, saboda yana ba masu hannun jari damar tsara yadda za su tafiyar da kamfanin a cikin takardar kafa shi, kuma doka ba ta ƙayyade masa mafi ƙarancin jari ba, saɓanin nau'in SA, wato babban kamfanin hannun jari, da ke buƙatar sefa miliyan 10. Wanda ya riga ya buɗe SARL, nau'in da ƙananan kamfanoni suka saba yi, yana iya juya shi zuwa SAS da taimakon lauya. Ka tabbata kana da lambar RCCM ta rajistar kasuwanci da lambar NIF ta haraji, kana biyan harajinka a kan lokaci, kuma kamfanin yana da asusun banki nasa wanda ba a cire kuɗin cefane ko na biki daga ciki. Sunan kaya da tambarinsu ana yi musu rajista a ƙarƙashin hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, rajista guda kuma tana aiki a dukkan ƙasashen da ke cikinta. Idan aikinka ya shafi ajiye kuɗin jama'a ko aika su ta waya, sai ka nemi izinin babban bankin BCEAO ko ka haɗa kai da wanda ke da izinin, tun kafin mai jari ya tambaya.

Abin da ya fi takardun hukuma wuya shi ne zama da abokan kafa kamfani da ƴan uwa a fayyace wa ke da me. Kawun da ya ba ka sefa miliyan biyu a farkon tafiya, bashi ya ba ka, ko kyauta, ko yana ganin yana da kaso? Abokin karatunka na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ya rubuta manhajar, shin ya sa hannu cewa manhajar ta kamfani ce? Kunya kan hana a yi waɗannan tambayoyi tun ana dariya, sai a bar su har ranar da kuɗi suka shigo, a lokacin kuwa kowa zai tuna alƙawarin da aka yi masa ta fuskar da ta fi masa. Ku rubuta jadawalin mallaka mai nuna sunan kowa da kasonsa, kowa ya sa hannu. Ku kuma amince cewa kason masu kafa kamfanin zai riƙa tabbata ne a hankali cikin shekara 4, wanda ya tafi kafin cikar shekarar farko bai samu komai ba. Masu jari za su nemi wannan sharaɗi ko ba ku so, kuma ku yake karewa, domin babu adalci a ce wanda ya bar aiki bayan wata biyar ya tafi karatu waje ya ci gaba da riƙe rabin kamfanin da wani ke wahala a kansa.

Mataki na huɗu: ka nemi mai jarin da ya yi daidai da girmanka

Kuɗin farko ba safai suke fitowa daga manyan asusu ba. Gidauniyar Tony Elumelu tun 2015 take ba matasan ƴan kasuwa na duk ƙasashen Afirka horo da tallafin dalar Amurka 5,000 wanda ba a mayarwa kuma ba a karɓar kaso a kansa. A Yamai akwai cibiyar CIPMEN da ke renon ƙananan kamfanoni, akwai kuma Sinergi, kamfanin zuba jari na cikin gida da aka kafa da goyon bayan ƙungiyar Investisseurs & Partenaires ta Faransa, wanda ke sayen kaso a ƙanana da matsakaitan kamfanonin Nijar. Kada ka raina alhazan garin nan ma, domin ɗan kasuwar da ya san hanyar Ɗan Isa da Jibiya kamar tafin hannunsa zai iya buɗe maka ƙofofin da kuɗin waje ba za su buɗe ba, muddin an rubuta sharuɗɗan shigarsa yadda ya kamata.

Idan ciniki ya kankama sai a ɗaga kai zuwa asusun yankin. Partech yana da ofis a Dakar, kuma a 2024 ya kammala tara Yuro miliyan 280 a asusunsa na biyu na Afirka. Janngo Capital na Fatoumata Bâ yana Abidjan, Ventures Platform na Kola Aina yana Abuja, Saviu Ventures kuma ya fi mayar da hankali kan ƙasashe masu magana da Faransanci. A Amurka akwai cibiyar renon sababbin kamfanoni ta Y Combinator, wanda tun 2022 yake ba kowane kamfanin da ya ɗauka dalar Amurka 500,000, daga ciki 125,000 a madadin kashi 7 cikin 100, sauran kuma su koma hannun jari a zagaye na gaba, wato karo na gaba da kamfanin zai karɓi jari. Ta nan Paystack na Legas, mai aikin biyan kuɗi ta intanet, ya bi a 2016 kafin kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan sama da dalar Amurka miliyan 200. Gaskiya ne cewa kaso mafi tsoka na wannan jari a Afirka yana tafiya Najeriya da Kenya da Masar da Afirka ta Kudu, amma a 2021 kamfanin Wave mai aikin aika kuɗi ta waya a Senegal ya samu dalar Amurka miliyan 200 a zagaye guda, abin da ya sa masu jari suka fara duban ƙasashen sefa da idon basira. Kafin ka tuntuɓi kowanne, ka duba shafinsa na intanet ka ga kamfanonin da ya riga ya zuba wa kuɗi, da ƙasashen da yake aiki, da girman kuɗin da ya saba bayarwa. Wanda ya saba ba da miliyoyin Yuro ba zai saurari mai neman sefa miliyan 30 ba, wanda kuma ya riga ya zuba jari a abokin gogayyarka bai kamata ya ga sirrin lissafinka ba.

Mataki na biyar: ka shirya bayani, ka nemi mai gabatar da kai

Ana shirya gajeren bayani na shafi 10 zuwa 15, da Faransanci ko Ingilishi gwargwadon wanda za a aika wa, mai nuna matsalar da kake warwarewa, da yadda kake samun kuɗi, da alƙaluman ciniki, da girman kasuwa, da abokan gogayya, da mutanen da ke aikin, da adadin da kake nema da abin da za a yi da shi. Saƙon da wani sananne ga mai jarin ya gabatar ya fi saurin samun amsa, kuma mafi kyawun mai gabatarwa shi ne shugaban wani kamfani da mai jarin ya riga ya zuba wa kuɗi.

Za a tambaye ka game da Nijar, kuma ya kamata ka zo da amsa. Za su ambaci juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da takunkumin CEDEAO da rufe iyakar da suka biyo baya, da ficewar ƙasar daga ƙungiyar a Janairun 2025. Kada ka yi musun abin da kowa ya gani. Ka nuna musu a lissafi yadda cinikinka ya kasance a lokutan da hanya ta toshe da dabarar da ka yi. Sannan ka kawo abin da ke hannunka: sefa tana ɗaure da Yuro a kan sefa 655.957 (kusan 656) kowace Yuro ɗaya, alhali naira ta faɗi ƙwarai bayan da aka sake ta a 2023, ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta Afirka ta Yamma, suna amfani da kuɗi ɗaya, kuma Maraɗi tana bakin kasuwar Katsina da Kano, inda miliyoyin mutane ke magana da harshen da kake ciniki da shi. Wannan hujja ta ƙarshe ita ce amsarka ga wanda ya ce kasuwar Nijar ta yi ƙanƙanta.

Mataki na shida: ka ƙayyade adadi, ka fahimci ƙima

Ka nemi abin da zai ɗauki kamfanin wata 18 zuwa 24 ya kai shi wani matsayi da za a iya aunawa, misali buɗe aiki a jihohi biyu ko ninka ciniki sau uku. Daga nan sai batun ƙima. A ɗauka ku biyu ne kuka kafa kamfani, kowa da rabi, aka amince ƙimarsa kafin shigar kuɗi sefa miliyan 400 ce, mai jari ya zuba miliyan 100. Ƙimar bayan shigar kuɗi ta zama miliyan 500, shi yana da kashi 20 cikin 100, ku kuma kowa ya koma 40. Idan bayan shekara biyu wani ya sake sayen kashi 20, kowannenku zai sauka zuwa 32, mai jarin farko kuma 16. A duk lokacin da aka ambaci ƙima ka tambaya ta kafin kuɗi ake nufi ko ta bayan kuɗi, domin da a ce miliyan 400 ɗin ta bayan kuɗi ce, da kashi 25 ya karɓa. Ƙima mai tsada tana da daɗin ji, amma idan ciniki bai kai ta ba a zagaye na gaba, za a tilasta muku karɓar ƙima ƙasa da ta farko, a nan kuma masu kafa kamfani ne ke shan mafi yawan asara.

Mataki na bakwai: ka karanta takardar sharuɗɗa layi bayan layi

Wanda ya amince zai aiko da gajeruwar takardar sharuɗɗa kafin babbar yarjejeniya. Kada ka sa hannu sai lauyan da ya san dokar OHADA kuma ya taɓa ganin irin wannan ciniki ya duba ta, ko da sai an neme shi a Yamai ko Abidjan. Sharaɗin da ya fi kowanne cizo shi ne na fifikon biya idan an sayar da kamfani. A misalinmu na baya, idan al'amura ba su tafi daidai ba aka sayar da kamfanin kan miliyan 150, mai jarin da ke da fifikon ninki ɗaya zai fara ɗaukar miliyan 100 ɗinsa, ku raba 50 da suka rage. Idan kuwa ninki biyu aka rubuta, haƙƙinsa miliyan 200 ne, wato zai kwashe duka ku tashi hannu rabbana duk da cewa kashi 80 na kamfanin naku ne a takarda. Ninki ɗaya, inda zai zaɓi ko kuɗinsa ko kasonsa amma ba duka biyun ba, shi ne abin da aka saba, kuma ya kamata ka tsaya a kansa.

Ka duba kujeru nawa za su samu a majalisar gudanarwa, da shawarwarin da ba za ka iya yankewa ba sai da yardarsu, kamar cin bashi ko ƙara albashinka ko sayar da sababbin hannayen jari. Ka duba sharaɗin da ke ba masu rinjaye ikon tilasta wa kowa ya sayar, da wanda ke ƙara musu kaso idan ƙima ta faɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka abin da ba za ka iya cikawa ba kada ka karɓi kuɗi a kansa. Wasu za su kawo takardar SAFE da Y Combinator ya ƙirƙiro a 2013, wadda ke jinkirta batun ƙima zuwa zagaye na gaba, amma don dokar Amurka aka rubuta ta, sai lauya ya ga yadda za ta zauna a tamu. Wasu kuma za su nemi a kafa uwar kamfani a jihar Delaware ta Amurka ko tsibirin Moris ta mallaki na Nijar, abin da ke jawo kuɗin lauyoyi duk shekara kuma ya shafi dokar musayar kuɗi ta UEMOA.

Akwai kuma batun addini, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen garin nan. Sayen kaso a raba riba da asara ya yi kusa da musharaka da malamai suka sani, amma bashin da ke komawa hannun jari sau da yawa yana ɗauke da ruwa, sharaɗin fifikon biya ma yana buƙatar dubawa. Ka kai takardar wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin sa hannu, ka kuma gaya wa mai jarin damuwarka tun da wuri, domin ana iya sake tsara wasu sharuɗɗan idan an yi magana a kan lokaci.

Mataki na takwas: binciken ƙwaƙwaf, nasu da naka

Bayan sa hannu a takardar sharuɗɗa za su shafe makonni, wani lokaci watanni, suna duba bayanan banki da na haraji da kwangilolin ma'aikata, su kuma kira abokan cinikinka. Duk wata matsala da ka sani, kamar bashin haraji ko rigima da tsohon abokin aiki, ka faɗe ta da bakinka kafin su tono ta. Kai ma ka bincike su: ka nemi shugabannin kamfanonin da suka zuba wa kuɗi, musamman waɗanda kasuwa ta juya wa baya, ka ji yadda aka yi da su a lokacin tsanani. Mai jari na gaskiya ba ya neman ka aika masa kuɗin buɗe fayil ko na duba takardu, duk wanda ya nemi haka ta WhatsApp ko imel ɗan damfara ne. Kada kuma ka ɗauki ma'aikata ko ka kama hayar ofis bisa alƙawari, sai ka ga kuɗin sun sauka a asusun kamfani.

Mataki na tara: bayan kuɗi sun shigo

Ka riƙa aika wa masu jarin gajeren rahoto duk wata, mai ɗauke da ciniki, da abin da aka kashe, da kuɗin da suka rage a banki, da wata nawa za su kai, da taimakon da kake buƙata. Labari marar daɗi ya kamata ya riga mai daɗi isa gare su, domin a lokacin ne suke iya haɗa ka da wani banki ko babban mai saye. Matsin lambar gida zai ƙaru da zarar an ji cewa Turawa sun ba ka kuɗi, don haka ka yanka wa kanka albashi da yardar majalisar gudanarwa, duk hidimar dangi ta fito daga cikinsa. Neman zagaye na gaba yakan ci wata shida ko fiye, saboda haka idan kuɗin wata 18 ka karɓa, ka fara tuntuɓar sababbin masu jari tun daga wata na tara ko na goma, lokacin da asusun bai yi ƙasa ba kuma kana da ikon ƙin sharaɗin da bai yi maka ba.